Wa Zai Tsallakar da Walƙiya?

Tun ranar da Mai Usur ya yi ritaya, titin da ke gaban makarantar firamaren unguwar ya koma kogin da ba shi da gada. Mai Usur shi ne dattijon da hukumar gari ta ajiye yana ba da hannu a wurin. In ya ɗaga tafinsa ya busa usur ɗin nan, ko tirela ce sai ta durƙusa, yara su bi shi a baya kamar 'yan tsaki. An yi masa liyafar ban kwana, an ba shi agogon bango, an tafa. Abin da ba a yi ba shi ne kawo wanda zai gaje shi.

Titin mai hannu biyu ne, masu zuwa da masu komawa, da ɗan dakalin siminti a tsakiya wanda faɗinsa bai fi na benci ba. Makarantar tana can ƙetare. A wannan ɓangaren kuma gidajen haya ne, kuma a cikinsu Maman Walƙiya take zaune da mijinta da 'ya'yansu biyu.

Walƙiya ba sunan yanka ba ne. Yarinyar ce ta ja wa kanta, don tun da ta tsaya da ƙafafunta ba wanda ya taɓa ganin tana tafiya. Daga rarrafe sai gudu. Shekararta shida, ajinta ɗaya, haƙoranta na gaba sun zube. Uwar da ta haifi irin wannan ba ta kallon titi yadda sauran mutane ke kallonsa.

Safiya da sauƙi. Maman Walƙiya kan goya ƙaramin, ta damƙi wuyan hannun yarinyar, su tsallaka tare, sannan ta wuce asibitin da take aiki a ɗakin gwajin jini, ta ajiye goyon a ɗakin renon yara. Tashin makaranta ne matsala. Ana sakinsu da rana tsaka, lokacin da mijinta, mai gyaran wayoyin lantarki, yake can rataye a kan wani turke a ƙarshen gari. Don haka hutun cin abincinta ya koma na titi. Ta tuɓe safar hannu, ta hau babur, ta tsallakar da yarinya, ta miƙa ta ga maƙwabciyarsu mai ciwon gwiwa, ta koma aiki da yunwarta.

Ranar da abin ya ishe ta, wani jini aka kawo na gaggawa daidai lokacin fitarta, ba yadda za ta yi ta bar shi. Kafin ta iso an riga an tashi yara. Tun daga kan babur ta hango Walƙiya tsaye ita kaɗai a kan dakalin tsakiyar titi, jaka a baya, motoci na wucewa gaba da bayanta. Yarinyar ta ga uwarta, ta washe giɓinta, ta ɗaga hannu. Gorar ruwanta ta suɓuce, ta gangara kan kwalta. Ta sunkuya za ta bi.

Maman Walƙiya ba ta san tana da irin wannan murya ba. "Tsaya nan!" Har mai babur sai da ya firgita. Yarinyar ta daskare. Tirela ta bi ta kan gorar, ruwa ya fantsama, ta wuce ko hon ba ta danna ba.

Washegari ta nemi izini, ta hau hawa na biyu na ginin hukumar gari, ofishin ɗaukar ma'aikata. Fanka na ta ƙara ba iska, kujerun roba a jere, ɗaya an ɗaure mata ƙafa da waya. Jami'in wurin mutum ne mai fara'a da tabarau a kan goshi. Masinjan da ya nuna mata ƙofa ya riga ya raɗa mata laƙabinsa: Malam Sai-an-zauna.

"Yallaɓai, ina kwana."

"Lafiya lau, Malama. In batun ƙarin girma ne, sai an zauna."

"Ni ba ma'aikaciyarku ba ce. Uwa ce." Ta buɗe jaka ta ɗora gorar a kan teburinsa, ta baje kamar takarda, har da zanen tayar a jiki. "Wannan ta 'yata ce. Da ban yi ihu ba, ba gorar zan kawo muku ba. Yaushe za a kawo mai ba da hannu ƙofar makaranta?"

Ya sauko da tabarau, ya duba gorar, ya yi salati. Ga alama abin ya taɓa shi da gaske, wanda ya ƙara ba ta haushi.

"Malama, ba a rasa masu nema ba. Kakin ma ga shi can cikin kabad, a goge. Juyi ne ya riƙe aikin."

"Juyin me?"

"Kin san garin nan, akwai 'yan Tudu, akwai 'yan Rafi. Duk kujerar da ta faɗo, bi da bi ake yi, yau nasu, gobe na waɗancan. To, Mai Usur ɗan Tudu ne, sai 'yan Rafi suka ce yanzu juyinsu ne. 'Yan Tudu suka ce a'a, ai 'yan Rafi ne suka karɓi ta ƙarshe, ta mai kula da maƙabarta."

"Maƙabarta."

"Su kuma 'yan Rafi suka ce maƙabarta ba ta shiga lissafi, tunda kowa da kowa ke shigarta."

Ta kalle shi ta ga ko zai yi dariya. Bai yi ba.

"Yallaɓai, mota ba ta tambayar yaro ɗan ina ne."

"Haka ne. Amma kada ki raina rabon nan." Ya gyara zama, muryarsa ta sauka. "Ni na ga lokacin da ginin nan tun daga mai gadi har shugaba duk 'yan gida ɗaya ne. In ka zo da wani harshen, fayil ɗinka ɓata yake yi. Sai da aka ƙona rumfuna a garin nan kafin a zauna a ce a riƙa rabawa. Shi ya kwantar da ƙurar."

"Na sani," ta ce. "Mahaifina a kan teburin da ya fara aiki ya yi ritaya, yaran da ya koya wa aiki suna sa masa hannu a takardar hutu. Ban ce kada a raba ba. Cewa na yi a raba kafin a tashi yara."

"Sai an zauna, Malama."

Da yamma ta kwashe labarin ta zube wa mijinta yana tuɓe takalman aiki. Baban Walƙiya mutum ne mai sanyi, irin wanda ke taɓa wayar wuta a hankali, yake taɓa magana ma a hankali.

"To ai abin a cikin gidanmu yake," ya ce. "Baffa ne ke riƙe da ƙungiyarmu. Baba Ƙarami kuma ke riƙe da taku. Ki je ki same su mana, ke 'yar kowa ce."

Gaskiya ya faɗa. Shi ɗan Tudu ne, kuma wan mahaifinsa, Baffa, shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Tudu. Ita 'yar Rafi ce ta wajen uba, kuma ƙanen mahaifinta, wanda suke kira Baba Ƙarami, shi ne bakin 'yan Rafi a duk inda ake rabo. A cikin ɗakinsu ba mai tuna wannan sai in ana wasa, shi ya ce mutanensu ba su iya hawan dutse ba, ita ta ce nasa tsoron ruwa suke ko a cikin bokiti. Walƙiya kuwa ko ɗaya daga cikin harsunan kakanninta ba ta ji, in ban da gaisuwa da zagi ɗaya da ta tsinta.

Ta fara da Baffa. Ta same shi a falonsa, a ƙarƙashin hoton taron ƙungiya, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya karɓi goyon ya ɗora a cinya, ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"'Yar nan, ke yarinya ce, shi ya sa kike ganin abin ƙarami. Yau mai ba da hannu, gobe ma'aji, jibi su ce ginin ma nasu ne. In ka bar wa mutum allura, garma zai dawo nema. Kuma ki daina magana kamar baƙuwa. Tun ranar da aka ɗaura aurenki kin zama tamu, gaba da baya. Wannan kujerar taki ce muke karewa."

"Baffa, jikarku ce a kan titin."

"Allah zai tsare."

Baba Ƙarami a shagonsa na sayar da fenti ta same shi, yana gauraya launi da sanda. Shi ko zama bai ce ta yi ba, don 'yarsa ce.

"Kin manta abin da aka yi wa ubanki? Jini ba ya bin aure, 'yata. Ko ƙarshen duniya aka kai ki, ke 'yar Rafi ce. Saboda 'ya'yanku muke wannan fafutukar."

"Baba, 'yar tawa fa ita ce ke tsallakawa."

"Shi ya sa dole namu ne zai tsaya a wurin. Wa zai kula da ita kamar namu?"

Ta fito da fenti a gefen mayafi, ba ta samo komai ba.

Da safe ta ɗauki rigar aikin mijinta ta ajiya, mai ƙyallin nan da ake hangowa daga nesa, ta zura a kan kayanta, ta goya ƙaramin a bisa. Ta cire jan murfin bokitin wanki.

"Ina kuma za ki da murfin bokiti?" in ji Baban Walƙiya.

"Aikin gwamnati."

Ta taka kwalta ta ɗaga murfin. Motar farko ta tsaya, wataƙila don mamaki. Ta biyu ta tsaya don ta farko ta tsaya. Yara suka bi ta a baya, Walƙiya a riƙe ta ɗamarar jaka. Kafin a yi haka sau uku, iyayen unguwa sun gane. Sai su kawo nasu bakin titi su ce, "Ga Maman Walƙiya can, ku jira ta," su juya abinsu. Direbobi kuwa ba su bar ta ta huta ba.

"Hajiya, girki na can na ƙonewa!"

"Madam, da goyo ake aikin hukuma?"

"Birki na tambaye ka, ba shawara ba," ta kan ce, ba ta ko kallonsu.

Ba daɗi take ji ba. Hayaƙi na shiga hancin ƙaramin, ya fara tari. Rana na dukan ƙeyarta. Da can 'yarta kaɗai take tsallakarwa ta koma. Yanzu ba ta iya juya wa 'ya'yan mutane baya, sai na ƙarshe ya wuce. Kullum a makare take komawa aiki. Shugabar ɗakin gwajin, mace mai haƙuri wadda haƙurinta ya kai bango, ta kira ta gefe kusa da firijin ajiyar jini.

"Ni ma uwa ce, na fahimce ki. Amma jinin mutane ba ya jira. Ki ƙarasa wannan makon. Daga mako mai zuwa ba fita da rana, ko ke ko kowa."

Maman Walƙiya ba ta yi musu ba, don ta san gaskiya ce. Sai dai tun daga nan, ko kwalbar jini ta ɗaga sai ta ga dakalin nan da yarinya tsaye a kai ita kaɗai.

Ana cikin haka abubuwa biyu suka faru, ba ta da labarin ko ɗaya. Wani ya ɗauki hotonta a tsakiyar titi, da goyo da murfin bokiti, hoton ya bi wayoyin gari har ya shiga wayar shugaban hukuma. Sannan daraktan filaye, wanda duk wani fuloti a garin sai da sa hannunsa, ya ajiye aiki saboda rashin lafiya.

Masinja ne ya zo har bakin titi ya ce ana neman ta. Ta tafi da rigar ƙyallin a jikinta, don ta ɗauka tuhumarta za a yi da shigar ma'aikata. Tana tura ƙofar Malam Sai-an-zauna ta ga Baffa a kan kujera ɗaya, Baba Ƙarami a kan mai ɗaurarriyar ƙafa. Ta durƙusa ta gaishe su, ta koma gefe ta tsaya.

"Yauwa, Malama," in ji jami'in. Yau ba fara'a, gumi ne a goshinsa. "Kin ja mana magana. Shugaba ya ce kafin ƙarshen mako yana son ganin mutum da kaki a wurin nan. Shi ya sa na kira dattawa. Yau an zauna."

Zuciyarta ta yi sanyi. Ta gyara goyo, ta ce Allah ya sa a dace.

Baffa ya yi gyaran murya. "Mu 'yan Tudu mun yi shawara. Zaman tare ya fi kujera. Tunda 'yan'uwanmu sun daɗe suna cewa juyinsu ne, mun janye. Su ɗauka, Allah ya sa albarka."

Maman Walƙiya ta kusa rangaɗa guɗa.

"A'a, a'a," in ji Baba Ƙarami, yana ɗaga hannu mai fenti. "Ina mu ina karɓar abin da ba namu ba? Mun koma mun duba, ashe ku ke da gaskiya. Maƙabarta kujera ce babba. Mu muka ci ta ƙarshe. Juyinku ne."

"Haba, Alhaji, kai da bakinka ka ce maƙabarta ta kowa ce."

"Kuskure na yi, kuma mumini ba ya dagewa a kan kuskure."

"To mun yafe muku kuskuren. Ku ɗauka."

"Wallahi ba za mu shiga haƙƙinku ba."

Ta kalli wannan, ta kalli wancan. Mutanen da suka bar titi ba kowa don kada ɗaya ya rigayi ɗaya, su ne yau ke tura wa juna aikin kamar garwashi. Ta juya ga jami'in.

"Yallaɓai, me ya faru?"

Ya cire tabarau ya goge. "Kujerar daraktan filaye ta faɗo. Bi da bi ne, Malama. Duk wanda ya karɓi ta bakin titi, ya ci juyinsa. Ta filaye ta koma ga ɗayan."

Fanka ta ci gaba da ƙara. Ƙaramin ya yi tari a bayanta. Ba a yi mata tarbiyyar ɗaga murya a gaban manya ba. Da ta buɗe baki, a hankali maganar ta fito.

"To a ba ni."

Duk suka juyo.

"Aikin. A ba ni. Ina yin sa dama, kakin ne kawai babu. In na bar asibiti na bari."

Idon Malam Sai-an-zauna ya yi haske kamar wanda aka sauke wa kaya. "Malama, da kin fid da ni kunya! Shugaba ma zai ji daɗi, ke ce ta hoton. Yau ɗin nan zan iya kammala komai. Sai dai ki gaya mini wane ɓangare zan lissafa ki."

"Ai ba sai an tambaya ba," Baffa ya yi caraf ya ce. "Asali na uba ne. 'Yar Rafi ce, ga ƙanen ubanta nan zaune."

"Ikon Allah," in ji Baba Ƙarami. "Mace ai ta gidan mijinta ce. Mun aurar, mun kai ta, mun dawo. 'Ya'yanta ma naku ne. Mu yanzu me ya haɗa mu da ita a lissafi?"

Wannan ta fi tayar tirela zafi. Baba Ƙarami ne ya riƙa goya ta a kafaɗa tana ƙarama, shi ya saya mata jakar makaranta ta farko. Baffa kuwa, goyon nan da ke bayanta a cinyarsa yake barci. Ta ji idonta ya kawo ruwa, ta ƙi bari ya zubo. Ta dubi rigar ƙyallin da ta yi mata yawa, da murfin bokitin da ke hannunta har yanzu, sai haushin ya wanke hawayen.

"Yallaɓai, in dattawa sun saɓa, maganar wa ake bi?"

"Ta mai neman aikin. Abin da ya faɗa da bakinsa, in yana da hujja ta uba ko ta aure, shi muke ɗauka."

"To alhamdu lillahi, ina da duka biyu." Ta juya ga Baffa, ta ɗan rusuna. "Baffa, a falonku kuka ce mini tun ranar ɗaurin aure na zama taku, gaba da baya. Ban manta ba, na ji daɗin maganar." Ta juya. "Baba, ku kuma kuka ce jini ba ya bin aure, ko ƙarshen duniya aka kai ni. Ita ma na riƙe. Ni ba zan ƙaryata babba ba. Zan je gida in yi tunani, gobe da safe in zo in faɗi ɗaya."

"Wacce?" suka tambaya a tare.

"Ban sani ba tukuna. Wataƙila sai na hau matakalar nan zan sani."

"Ke, 'yar nan, kin san abin da ake nufi da filaye kuwa?" in ji Baffa, hularsa ta karkace. "Ɗanmu ya yi shekaru yana jiran kujerar nan!"

"Allah ya ba shi, Baffa. Ni dai abin da na sani, daga mako mai zuwa ba ni da damar fitowa da rana. Ko wani ya tsaya a titin nan da kaki, ko ni in tsaya. In ni ce, dole a lissafa ni a wani wuri."

"Zan gaya wa ubanki," in ji Baba Ƙarami.

"Ku gaya masa, Baba. Ku nuna masa wannan ma." Ta nuna gorar, wadda har yanzu take gefen teburin, jami'in ya danne wasu takardu da ita.

Baffa ya kalli Baba Ƙarami. Baba Ƙarami ya kalli silin. Can Baffa ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, "Alhaji, ɗan zo mana." Suka fita baranda. Ta ƙofar da ba ta rufe sosai ba tana hango su, kai a haɗe, Baffa ya dafa kafaɗar Baba Ƙarami kamar abokan ƙuruciya, suna ƙus-ƙus. Tun da take ba ta taɓa ganin sun tsaya kusa da juna haka ba, ko a ranar aurenta. Ko shayi ba zai huce ba a lokacin da suka ɗauka.

Suka dawo. Baffa ne ya yi magana, bai kalle ta ba.

"Titin nan hannu biyu ne. Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya. Mu za mu kawo ɗaya, su su kawo ɗaya. Kowa ya ci, ba wanda ya ci juyin wani."

"Ta filaye fa?" jami'in ya tambaya.

"Wannan sai an zauna," in ji Baba Ƙarami.

Ba wanda ya amsa sallamarta da ta fita, in ban da jami'in. A gida Baban Walƙiya ya saurari labarin yana riƙe da kai. Wayarsa ta yi ta ƙara, sunan Baffa a kai, ya kife ta a kan katifa.

"Kin san za mu daɗe muna biyan wannan a gidan Baffa ko?"

"Na sani."

"Da gaske da barin asibitin za ki yi?"

Ta ninke rigar ƙyallin ta miƙa masa. "Ka wanke ta, ƙaramin ya yi tumbuɗi a kafaɗa."

Ranar farko ta sabon mako ta fito da wuri don ta gani da idonta. Ga su nan kuwa, maza biyu cikin sabon kaki, ɗaya dogo na wannan hannun, ɗaya gajere na wancan. Sai dai yara sun taru a bakin titi, motoci na ta wucewa, su kuma suna tsaye a kan dakalin tsakiya, kowa ya riƙe gefe ɗaya na wata 'yar igiya. Ta ja Walƙiya ta matsa.

"Malamai, lafiya?"

"Hajiya, usur ɗaya aka ba mu," in ji dogon. "Na Mai Usur ne, shi kuwa namu ne, don haka gadona ne."

"Kayan hukuma ba ya gado," in ji gajeren. "Mun aika ofis a raba mana gardama."

"Me suka ce?"

"Sai an zauna."

Maman Walƙiya ta rufe ido, ta karanta abin da ya sawwaƙa. Ta danƙa Walƙiya a hannun wata mata, ta waiga. Akwai mai tebur a gefen titi da ke sayar da alewa da fensir da kayan wasan yara. Ta je ta tono usur biyu na roba daga cikin kwano, ta juya su a tafinta ta tabbatar launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, ta busa kowanne ta ji ƙararsu ɗaya. Ta ɗaga hannu ta tsayar da motoci da kanta, ta hau dakalin, ta miƙa su a lokaci guda, ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, kada wani ya ce an fara ba wani.

"Wancan tsohon ku sa a aljihu, ku yi ta shari'arsa bayan an tashi aiki. Yanzu yara na jira."

Suka kalli juna, suka kalle ta. Dogon ya sauka ya busa, ya ɗaga tafi. Motoci suka tsaya. Yara suka kwararo, Walƙiya ta fizge daga hannun matar da ke riƙe da ita, ta zuba da gudu kamar kullum. Kafin uwarta ta buɗe baki, dogon ya cafke ɗamarar jakarta, ya taka da ita har dakali, bai saki ba sai da gajeren ya tsayar da nasa hannun ya karɓi ɗamarar. Yarinyar ta shige ƙofar makaranta, sabuwar gora na lilo a wuyanta.

Wata mata da ke kusa ta taɓo Maman Walƙiya. "Wai a cikinsu wanne ne namu?"

"Ban tambaya ba," ta ce. Ta duba agogo, ta gyara goyo, ta ɗaga wa mai babur hannu.